Kaya kaɗan, ɗaki mai iska

Gaya gari ne na bakin hanya. Yana gefen kogin Kwara, cikin jihar Doso, kimanin kilomita 300 daga Yamai. A tsallaken kogi akwai Malanbil ta ƙasar Benin, ta gabas kuma akwai Kamba ta Najeriya. Tun da aka gina gada a shekarar 1958, manyan motoci suka yi ta ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna biyowa ta Gaya: shinkafa, atamfa, kwanuka, bokitan roba, takalma da dilolin gwanjo.

Ba duka kayan nan ne suke wucewa ba. Wasu sukan tsaya a kasuwa. Daga kasuwa su shiga gida, daga nan su shige ƙarƙashin gado, shi ke nan ba a sake jin labarinsu. Abin da aka ajiye ba a aiki da shi, ba a kuma san ranar da za a yi aiki da shi ba, shi ake kira tarkace. Tarkace ba lalle ya zama tsoho ba. Sabon kwano ma, in ya shekara biyar bai ga tuwo ba, ya zama tarkace.

Ɗakin amarya ya isa misali. Idan yarinya za ta yi aure, uwarta da gwaggonninta sukan yi mata jere. A da, ƙore ne da akusa da tasoshi. Daga baya langa da samira suka shigo, yanzu kuma ga kuloli da faranti na tangaran. Akan jera su bisa kanta tun daga ƙasa har kusa da rufi. Wannan al'ada tana da dalilinta. Kayan ɗaki mallakar mace ne ita kaɗai. Ranar da ta shiga matsi tana iya sayar da wasu, ranar da ƴarta ta isa aure tana iya ba ta wasu. Ashe jere wani irin asusu ne.

Sai dai asusun yana da ɓaraka. Kwanon da aka saya jika biyar, in an kai shi kasuwa bayan ƴan shekaru, da wuya a taya shi jika biyu, don yayinsa ya wuce. Tunkiyar da aka saya kuwa tana haihuwa. Ga kuma gasa: wance ta yi wa ƴarta kanta biyu, don haka wance sai ta yi uku, ko da bashi ne. Akwai auren da aka ɗaga, ba don komai ba sai don kwanuka ba su cika ba. Amarya kuma, cikin kwanuka sittin, da shida take aiki. Sauran hamsin da huɗu sai dai ta sauke su, ta goge ƙura, ta mayar.

A Gaya tarkace ya fi ɓarna, saboda ruwa. Yankin Dandi ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara. Da damina ta kankama, ɗaki yakan yi danshi. Tufafin da aka danne cikin akwati sai su yi fumfuna, ƙarfe ya yi tsatsa, gara ta bi bango ta cinye kwali da takarda. Ɓera da kyankyaso da kunama duk suna son wurin da ba a ɗagawa a share. Sauro ma da rana yakan laɓe a lungu mai duhu da cikin tufafin da aka rataye, da dare ya fito. A tsakar gida kuwa, tsohuwar taya da gwangwani da fasasshen tulu suna tara ruwa, sauro ya yi ƙwai a ciki. Cikin mako guda ko biyu ƙwan ya zama sabon sauro. Mai gida yana ganin ajiya ya yi, alhali kiwon sauro yake yi.

Kogi ma yakan cika ya shiga gidaje, kamar yadda ya faru a 2012. A irin wannan dare ba a tambayar kwano nawa ke bisa kanta. Yara ake ɗauka, da hatsi, da tabarma, da takardu.

Akwai mutanen da suka daɗe da sanin wannan lissafi. Fulani makiyaya da ke bi ta ƙasar Gaya da shanunsu, gidansu duka yana hawa bayan jaki ko takarkari: tabarmi, tukunya, ƙore, igiyar maruƙa. Su ma matansu suna da ƙoren ado waɗanda ba a taɓa zuba nono a ciki ba, don son ado ba na ƴan birni ba ne kaɗai. Amma jaki ne alƙali. Abin da ya fi ƙarfinsa ba ya bin rugga. Haka Sarkawa masunta, jirginsu ne yake yanke musu abin da za su ɗauka. Ƴan gari ma sun ɗanɗana wannan a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli an rufe gadar Malanbil, matafiya suka koma ƙetare kogi da jirgin ruwa. Mai jaka ɗaya ya shiga ya zauna. Mai ƙunshi bakwai kuwa sai ya biya ƴan dako, ya biya mai jirgi, yana ta ƙirga kayansa a bakin ruwa.

To, dilolin gwanjon nan fa, daga ina suke? Tufafi ne na mutanen Turai da Amurka da Sin. Sun saya da yawa, ɗakunansu sun cika, suka fitar. Aka tattara, aka zaɓe, aka matse cikin dila mai nauyin kusan kilo 50, aka sa a jirgi. Wato rigar da ta yi wa wani yawa a Faransa ita ce ake ciniki a kasuwar Gaya. Wanda ba shi da rigar sanyi ya samu da araha, wannan alheri ne. Amma wanda ya sayi biyar don kawai suna da araha, ya ɗauko tarkacen wani ne ya kai ɗakinsa.

A waɗannan ƙasashe yawan kaya ya dami mutane har ana rubuta littattafai a kai. Wata mata ƴar Japan mai suna Marie Kondo ta fitar da nata a 2011, aka fassara shi cikin harsuna da yawa. Shawararta ita ce mutum ya tara kaya iri ɗaya wuri ɗaya, ya fara da tufafi, ya ɗauki kowane a hannu, ya ajiye wanda yake so da gaske, ya sallami saura.

Ƙasar Hausa ba ta jira Japan ba. Malamai sun daɗe suna wa'azin gudun duniya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya rasu a Sakkwato a 1817, ana ba da labarin cewa riga ɗaya gare shi, wando ɗaya, rawani ɗaya, kuma yana tufka igiya don ya ci da guminsa. Ba rashi ne ya sa shi haka ba. Da ya so, da an cika masa ɗakuna.

Nan ne ake bambanta abu uku. Matalauci yana son abu bai samu ba. Marowaci ya samu ya hana kowa, har kansa. Mai rage kaya kuwa ya samu, ya ɗauki abin da zai ishe shi, ya saki saura. Kuma ba kowace ajiya ce tarkace ba. Geron da ke cikin rumbu ba tarkace ba ne, ko da zai shekara biyu. Haka iri na shuka, da hauya, da gidan sauro, da bargon hunturu, da takardar haihuwa. Waɗannan duk an san ranarsu.

Ɗan makaranta yana iya farawa da akwatinsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin ruwan farko. Ya zazzage komai bisa tabarma a rana. Rigar da yake sawa ta koma akwati. Wadda ta yi masa kaɗan ya wanke ta, ya nemi izinin mahaifiyarsa, ya ba ƙanensa ko wani almajiri. Wanda ya ba da riga da datti ko a yage bai yi kyauta ba, shara ya kai gidan wani. Wadda ta mutu kuma ta zama tsumman goge allo, ko gammon ɗaukar tulu.

Sauran tarkacen gida ma suna da masu so. Masu zubi suna narka tsohon alminiyam su yi tukwane da ludaya. Maƙera suna sayen guntun ƙarfe su ƙera lauje. Tsohuwar taya takan zama takalmi, robar cikinta kuma ta zama guga. Kwalaben da ke bayan ɗaki, mai sayar da man gyaɗa tana nemansu. Leda ce kaɗai ba ta da mai so: ba ta ruɓewa, tana toshe magudanar ruwa, kuma akuyar da ta haɗiye ta takan rame har ta mutu. Shi ya sa wasu mata, in za su kasuwa, suke tafiya da kwandonsu.

Tambayoyi

1. Mene ne tarkace? Sabon abu yana iya zama tarkace?
2. Don me tarkace ya fi ɓarna a Gaya da damina?
3. An sayi kwanuka 12, kowane jika 5. An sayar da su duka, kowane jika 2. Nawa aka yi hasara?
4. Ku faɗi abubuwa uku da ake ajiyewa a gida waɗanda ba tarkace ba ne.