Sikeli Ba Likita Ba Ne

A shekarar 2016, Kevin Hall, mai bincike a cibiyar nazarin lafiya ta gwamnatin Amurka, ya fitar da sakamakon bibiyar mutum 14 da suka shiga gasar rage ƙiba ta talabijin, The Biggest Loser. Shekara shida bayan gasar, kusan dukkansu ƙiba ta dawo musu, kuma jikinsu na ƙona kimanin kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata a kullum. Shi jiki bai san da wata gasa ba. Da zarar an ƙuntata masa, sai ya ɗauka fari ne ya zo: ya rage kashe kuzari, ya ƙara rura wutar yunwa.

Irin wannan halin na jiki ne ya sa wasu masana abinci suka ce a ajiye sikeli tukuna. Mutum ya ci idan ya ji yunwa, ya tsame hannu idan ya ƙoshi, ya motsa jiki ta hanyar da yake jin daɗinta, ya daina kallon madubi da ƙyama. A Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Linda Bacon ta gwada hanyar a kan mata 78 masu ƙiba, aka buga sakamakon a 2005. Rabinsu sun bi tsarin ƙayyade abinci, sun rame da farko, amma cikin shekara biyu nauyin ya koma. Sauran rabin da suka bi hanyar ajiye sikeli, nauyinsu bai motsa ba, sai dai hawan jininsu da kitsen jininsu sun sauka, hankalinsu kuma ya kwanta. Mata 78 ba yawa ba ne, kuma ƙiba mai tsanani tana da alaƙa da ciwon suga da ciwon gwiwa. Duk wanda ya ce ba ruwanta da lafiya ya wuce gona da iri. Abin da binciken ya nuna shi ne ana iya samun sauƙi ko da sikeli ya kafe.

Mu nan matsin ta fuska biyu yake zuwa. Amarya ta sha "sha ka fashe" don kada dangin miji su ce ba ta cika ido, alhali wasu ƙwayoyin irin su dexamethasone ne, masu kumbura fuska, su tayar da suga da hawan jini. Bayan haihuwa biyu kuma ita ce za ta koma neman shayin rage tumbi a Instagram. A tsakani ba wanda ya ce mata ta je a auna jininta, ko ta samu tafiyar minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba manya shawara.