Iyalin da suka nemi kuɗin jinya da gudu da keke

Akwai ciwon da likita yake iya warkarwa, akwai kuma wanda ya fi ƙarfin magani. In ciwo ya kai haka, maras lafiya yana bukatar a rage masa zafi, a yi masa wanka, a ba shi abinci, a zauna kusa da shi. A ƙasar Ingila an gina gidaje na musamman domin wannan aiki. Ana kiran irin gidan "hospis". Wata likita mai suna Cicely Saunders ce ta buɗe na farko irin na zamani a birnin Landan, a shekara ta 1967.

Maras lafiya ba ya biyan ko sisi a gidan. To, ina kuɗin yake fitowa? Gwamnati tana ba da wani kashi, amma mafi yawa jama'a ne suke tarawa. Ɗaya daga cikin hanyoyin tarawa ita ce wasan juriya.

Ga yadda ake yi. Mutum zai ce: "Zan yi gudun maraton domin gidan jinya." Maraton kilomita 42 ne da mita 195. Sai ya bi dangi da maƙwabta da abokan aiki, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar. Wani ya ce fam ɗaya kowace kilomita, wani ya ce fam goma in an kai ƙarshe. Ranar da ya gama, sai a karɓi kuɗin a kai gidan. Shi mai gudun ba ya samun komi sai gajiya da kumburin ƙafa. Kun ga, wahalar da ya sha ita ce take sa mutane su buɗe aljihu.

A birnin Lidis, arewacin Ingila, an yi wata mata mai suna Jane Tomlinson. Aikinta ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Tana da miji da yara 3. Tana da shekara 26 sankarar nono ta kama ta. A shekara ta 2000 likitoci suka ce ciwon ya bazu a jikinta, ba zai warke ba, watakila wata 6 ya rage mata. Jane ta fara koyon gudu, kaɗan-kaɗan. A 2002 ta gama maraton na Landan.

Daga nan aikin ya zama na gida duka. A 2003 ita da ɗan'uwanta suka hau keke mai sirdi biyu, suka ratsa Birtaniya daga ƙarshen arewa zuwa ƙarshen kudu. A 2004 suka taso daga birnin Rum na Italiya har Lidis. Mijinta, Mike, shi yake shirya tafiya da lissafin kuɗi. A wannan shekara kuma ta shiga wata gasa mai wuya a Amurka: iyo kilomita 3 da mita 800, keke kilomita 180, sannan maraton, duka a yini ɗaya. Ta gama. Ku tuna, duk wannan da ciwo a jikinta, tana kuma shan magani mai kashe jiki.

Tafiyarta mafi tsawo ita ce ta 2006. Ta ratsa Amurka bisa keke daga San Faransisko zuwa Niyok, fiye da kilomita 6.700, cikin sati 9. Wannan ya fi tafiya daga Yamai zuwa Damagaram sau 7.

Kafin rasuwarta ta tara fam miliyan 1 da dubu 850. An raba wa ƙungiyoyi masu kula da masu sankara da yara marasa lafiya. Cikinsu akwai Martin House, gidan jinyar yara da ke kusa da Lidis.

Jane ta rasu ran 3 ga watan Satumba 2007, tana da shekara 43, a wani gidan jinya irin wannan mai suna St Gemma's. Wato ta yi shekara 7 bayan an ce mata wata 6. A 2010 mijinta da ɗiyarsu suka hau keke daga Istambul na Turkiyya zuwa Lidis, suna ci gaba da tara kuɗi da sunanta.