Tsakanin Tashar Jirgi da Lambar Mota: Jinkirin Rajista da Matsalolin Inshora a Cinikin Motocin Beljiyam

1.0 Gabatarwa

Kalmar "Beljiyam" ta daɗe da barin ma'anarta ta sunan ƙasa a bakin Bahaushe. A kasuwa ta koma siffar duk kayan da aka yi amfani da su a ƙasar waje sannan aka shigo da su, tun daga inji da firji har zuwa mota. Asalin wannan sauyin ma'ana shi ne cinikin tsofaffin motoci da ake lodawa daga tashar Antwaf ta ƙasar Beljiyam zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Daga baya kalmar Yarabanci "tokumbo", wadda ke nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku, ta shigo, haka kuma "'yar Kwatano", wato motar da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Jamhuriyar Benin. Waɗannan sunaye uku suna bayyana hanyar da mota ta biyo, kuma hanyar ce ke tantance irin takardun da ke tare da ita.

Mai sayen irin wannan mota yakan duba inji da giya da fenti, ya biya kuɗi, ya ɗauka ciniki ya ƙare. A idon doka kuwa, motar ba ta zama tasa da zai hau titi da ita ba sai an yi mata rajista da inshora. Maƙalar nan tana bayanin cewa jinkirin rajista da matsalar inshora rassa ne na tushe guda: takardun motar sarƙa ce da ke rataye a kan lamba ɗaya, kuma duk inda sarƙar ta tsinke, asarar a kan mai saye take faɗawa.

2.0 Lambar shasi da sarƙar takardu

Kowace mota ta zamani tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake taƙaitawa da VIN, 'yan kasuwa kuma suke kira lambar shasi. Tun 1981 aka daidaita wannan tsari a Amurka. Lambar tana nuna kamfanin da ya ƙera motar da samfurinta da shekarar fitarta, kuma ana samun ta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa.

Wannan lamba ce ke bin motar a kowane zango. Tana cikin takardar lodin jirgi, tana cikin takardar biyan kuɗin fito ta Hukumar Kwastan, tana cikin takardar shaidar mallaka da lasin mota, tana kuma cikin takardar inshora. Kowace hukuma tana gina aikinta ne a kan abin da ta gabanta ta rubuta. Saboda haka kuskuren harafi ɗaya da wakilin fito ya yi a Legas yana iya hana a ba mota lamba a Kano ko Sakkwato, kuma ofishin lasin na jiha ba shi da hurumin gyara shi, sai an koma inda aka yi kuskuren.

3.0 Zangon farko: fito

Galibin motocin da ke shigowa Nijeriya ta halastacciyar hanya a tashoshin Legas ake sauke su, musamman ta Tin Kan. Nan ne jinkiri yake farawa, kuma sauye-sauyen manufofin gwamnati suna da babban hannu a ciki.

Daga ranar 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu. Wannan mataki ya shafi Arewa kai tsaye, domin motocin Kwatano da yawa sukan ratsa Jamhuriyar Nijar su faɗo ta Illela ko Jibiya ko Maigatari. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya, ba a fara buɗe wasunsu ba sai a Disamban 2020. Haramcin bai kashe cinikin ba, ya dai tura wani sashe nasa ga 'yan fasa-ƙwauri, har kasuwa ta cika da motocin da ba a biya musu fito ba, ko masu ɗauke da takardun jabu.

A farkon 2022 Hukumar Kwastan ta ɓullo da tsarin ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar shasi, inda kwamfuta ke yanke darajar mota maimakon jami'i. Wakilan fito a Legas sun shiga yajin aiki bisa ƙorafin cewa darajar da ake yankewa ta yi yawa, motoci suka taru a tasha, har aka dakatar da tsarin na ɗan lokaci kafin a dawo da shi. Duk kwanan da mota ta ƙara a tasha bayan wa'adin kyauta, kuɗin ajiya ƙaruwa yake yi, kuma daga ƙarshe a cikin farashi yake bayyana.

Akwai kuma batun canjin kuɗi. Ana lissafa darajar mota da dalar Amurka, sannan a mayar da ita naira bisa farashin da Kwastan ke amfani da shi. Bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023, wannan farashi ya riƙa sauyawa a kai a kai. Wanda ya tura wa dillali kuɗin fito tun motar tana kan teku yakan iske kuɗin sun kasa ranar da ta sauka.

Matsala mafi ɓoyuwa ita ce ta raunin fito. Wasu wakilai sukan sauya shekarar mota ko su rage darajarta a takarda domin a biya kaɗan. Motar tana fita daga tasha da takardu na gaske, amma kuɗin da aka biya bai cika ba. Wata rana jami'an Kwastan sukan tare ta a hanya ko a wurin sayar da motoci, su riƙe ta har a cika gibin. Wanda motar ke hannunsa a lokacin shi ake bi, ko da shi ne mutum na uku da ya saye ta.

4.0 Zango na biyu: rajista

Rajistar mota a Nijeriya aiki ne da ya rabu tsakanin hukumomi da dama. Hukumar tattara haraji ta jiha ko ofishin lasin ne ke karɓar kuɗi da bayar da lasin. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da tsarin lambobin mota na bai-ɗaya da rumbun bayanansu, kuma ita ke buga lambobin galibin jihohi. Jami'an duba lafiyar ababen hawa ne ke bayar da takardar cancantar hawa titi. 'Yan sanda suna da nasu kundin rajistar ababen hawa domin bin sawun motocin sata. A 2021 kuma Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ƙaddamar da kundin VREG, wanda aka gina a kan lambar shasi domin toshe hanyar zille wa kuɗin fito.

Daga wannan rarrabuwa ne jinkiri ke tasowa. Wani lokaci bayanan motar ba su bayyana a rumbun da ake tantancewa ba, ko sun bayyana da saɓani. Wani lokaci an kammala komai amma farantin lambar bai iso jihar ba, ko kuma layin intanet ya katse a ofis. Sau da yawa kuma sunan da ke kan takardar Kwastan na mai shigo da motar ne, sunan da ke kan rasit na dillali ne, babu wata yarjejeniyar ciniki a rubuce da ta haɗa su da mai saye. Ciniki a tsakanin Hausawa ya ginu a kan amana da shaidu da la'adar dillali, amma ofishin lasin takarda yake karantawa.

Gajiya da jira ce ke jefa mutane hannun 'yan-na-kama da ke zaune a bakin ofisoshin lasin. Sukan yi alkawarin kammala komai cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a hannunsu ne ake yawan samun lambar da ba ta cikin rumbun hukuma, ko wadda aka riga aka ba wata motar.

5.0 Inshora a lokacin jira

Wajabcin inshorar mutum na uku, wato wadda ke biyan diyyar cutar da mota ta yi wa wani, tsohon abu ne a Nijeriya, domin dokarsa ta samo asali tun 1945. Dokar Inshora ta 2003 ta ƙarfafa shi, sannan a 2025 aka sanya hannu kan sabuwar dokar gyara harkar inshora da ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin wannan inshora ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 tun daga ranar 1 ga Janairun 2023, ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rundunar 'yan sanda ta sanar da tsananta binciken wannan takarda daga ranar 1 ga Fabrairun 2025.

Matsala ta farko ita ce ta gibi. Inshorar teku da ke kare mota a cikin jirgi tana ƙarewa ne bayan an sauke kaya, bisa sharaɗin da aka rubuta. Inshorar titi kuwa bisa al'ada tare da rajista ake yin ta. Tsakanin waɗannan biyu akwai tafiyar kusan kilomita dubu daga Legas zuwa Kano, da kuma makonnin jiran lamba. A wannan tsakani ne ake ganin sabuwar mota tana yawo ba lamba, ko da lambar dila wadda ba don amfanin mai saye aka yi ta ba. Idan ta buge mai babur a wannan lokaci, kuɗin magani da diyya daga aljihun mai ita za su fito, ga kuma laifin tuƙa mota ba inshora. Kamfanoni da dama sukan yarda su rubuta inshora a kan lambar shasi kafin lamba ta fito, sai dai masu saye kaɗan ne ke tambaya.

Matsala ta biyu ita ce takardar jabu. Da yawa daga masu motoci suna kallon inshora a matsayin takardar nuna wa ɗan sanda, don haka sukan karɓi duk abin da ɗan-na-kama ya haɗa musu a cikin takardun mota. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake iya bincika ko takardar ta gaske ce da lambar mota. Takardar da ba ta cikin rumbun ba ta da kamfanin da zai biya kowa.

Matsala ta uku ta shafi cikakkiyar inshora, wadda ke kare motar kanta daga haɗari da gobara da sata. Wannan yarjejeniya ta ginu ne a kan faɗin gaskiya. Da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga Amurka a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta ci ake sayen su, a gyara su bayan sun iso. Ɓoye wannan tarihi, ko saɓani tsakanin shekarar da ke takardar Kwastan da ainihin shekarar motar, yana iya zama hujjar ƙin biyan diyya. Haka nan idan sunan da ke kan inshora na tsohon mai motar ne, sabon mai ita ba shi da abin da zai nema, domin inshora ba ta bin mota zuwa sabon hannu sai kamfani ya amince.

Akwai kuma illar faɗuwar darajar naira. A ɗauka an yi wa mota inshora a kan naira miliyan 6, alhali darajarta a kasuwa ta kai miliyan 10, sai ta yi ɓarnar miliyan 2. A ƙarƙashin sharaɗin rabon asara da ake samu a yarjejeniyoyi da dama, kamfani zai biya kashi 60 cikin 100 ne kawai, wato naira miliyan 1.2, mai motar ya ɗauki sauran.

A Arewa akwai ƙarin dalili na nesantar inshora, wato shakkar da malamai da yawa ke da ita game da riba da rashin tabbas a cikin inshorar gargajiya. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanonin da ke gudanar da shi bisa tsarin taimakon juna. Takardarsu tana cika sharaɗin doka kamar kowace.

6.0 Kammalawa

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. A cinikin motar Beljiyam, birin bai sauko ba matuƙar ba a tabbatar da takardu ba. Abin da ya fi kare mai saye shi ne juya jerin ayyukan da aka saba bi: a fara gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke kan kowace takarda, a tantance biyan fito a ofishin Kwastan kafin a biya kuɗin mota, a rubuta yarjejeniyar ciniki da sunayen da suka dace da na takardun, a yi inshora kai tsaye da kamfani mai lasisi tun kafin motar ta bar wurin dillali, sannan a duba ta a rumbun NIID. Dillalin da ya ƙi yarda a riƙe wani kaso na kuɗi har lamba ta fito ya riga ya faɗi wani abu game da takardunsa.

Ga masu nazarin Hausa kuma akwai aiki a nan. Kalmomin Beljiyam da tokumbo da fito da la'ada sun zauna daram a harshen, amma sharuɗɗan inshora da fom ɗin rajista har yanzu da Turanci suke zuwa, kuma wanda bai iya karanta su ba dole ya dogara ga mai shiga tsakani. Samar da daidaitattun kalmomin Hausa na waɗannan sharuɗɗa zai rage wannan dogaro, ya kuma ba mai mota damar sanin abin da ya sa wa hannu kafin ranar da zai nemi diyya.