Sallah a Dutsin-Ma da Kurfi: Yaushe Dangi Za Su Haɗu?

A daren 29 ga Ramadan, uwargida a Dutsin-Ma ko Kurfi ba ta san abin da za ta ɗora da asuba ba, sahur ko tuwon Sallah. Kunnen kowa na kan rediyo da waya, ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi, Muhammad Sa'ad Abubakar III, daga Sakkwato. Mazaunin gida wannan jira bai dame shi ba. Mai fargaba shi ne ɗan gidan da ke aiki a Abuja ko Kaduna, wanda galibi hutun kwana biyu kacal gwamnati ke ba shi. A 2024 an ba da Talata da Laraba, 9 da 10 ga Afrilu. Da wata bai tsaya ba, azumi ya cika talatin, Sallah ta koma Laraba, sai aka ƙara Alhamis. Duk wanda ya yi wa dangi alkawari da kwanan watan Bature sai da ya sake lissafi.

Babbar Sallah ta fi sauƙi ta wannan fuska, tunda ana sanin ranarta kwana goma kafin ta zo. Amma a 'yan shekarun nan cikin damina take faɗowa, manomi na sauri ya koma gona. Ta 2023 kuwa ta zo ranar 28 ga Yuni, wata guda bayan cire tallafin mai, kuɗin mota ya hana magidanta da yawa kwaso iyali gaba ɗaya.

Sai kuma hanya. Garuruwan biyu na kan titin da ya taso daga Katsina, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma suna maƙwabtaka da Safana, wadda ke bakin dajin Rugu. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, yawon Sallah ya zama na ido na ganin ido. A da mutum kan kai isha yana hira a ƙauyen kakarsa, yanzu da an yi la'asar tsohuwar da kanta za ta ce, "Tashi ku kama hanya, Allah Ya tsare." Yini ya gajarta, gidajen da za a shiga kuwa ba su ragu ba.

Ko a wajen masu sarauta ma akwai tsari. Yandakan Katsina, hakimin Dutsin-Ma, da Maradin Katsina, hakimin Kurfi, kan tafi birni da jama'arsu domin hawan Sallah a fadar Sarki Abdulmumini Kabir Usman, don haka mai son gaishe su ya san lokacin da zai same su. A gidajenmu ne abin ke tafiya kara-zube, kuma wadda ta fi cutuwa ita ce matar aure. Ranar Sallah tana bakin murhu tun asuba, tana zuba tuwo da miya a kwanuka ana kai wa surukai da maƙwabta. Washegari baƙin maigida ne. A Babbar Sallah ga aikin nama, yanka da suya har kwana biyu. 'Yar Kurfi da ke aure a Dutsin-Ma tana iya ganin Sallah ta wuce ba ta durƙusa gaban mahaifiyarta ba, ko kuma ta isa bayan yayyenta sun koma wajen aiki. Wannan yana yi mini ciwo, domin ita ce ta ciyar da kowa, kuma ba rowa aka yi mata ba, mantawa aka yi da ita a lissafi.

Za a ce ai akwai waya. Gaskiya ne, tun zuwan wayar salula a 2001 an huta da ba direba saƙo a tasha da jiran gaisuwa a shirin zaɓi sonka, kuma zauren dangi a WhatsApp ya sauƙaƙa tara kuɗin rago da sanin wanda ya taso. Amma mutanen nan sun ga iyakarta. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, sai a Disamba aka fara maido da su. Abin bai faɗo kan Sallah ba, amma watanni aka yi sai mutum ya hau mota ya fita daga yankin kafin ya sanar da haihuwa ko rasuwa.

Dabarar da na ga ta fi dacewa tsohuwa ce. Iyayenmu ba su cewa "ranar kaza ga wata". Cewa suke "washegarin Sallah" ko "kwana uku da Sallah", lissafin da ko wata ya tsaya ko bai tsaya ba yana nan daram. Gida ya tsayar da ranar haɗuwa guda a haka, da hantsi, a wurin wanda ya fi kowa tsufa, a sanar da surukai tun azumi bai raba ba, domin kowane miji ya tanadi kuɗin motar matarsa. Masu sa ranar biki a makon bayan Sallah, su ma su tambayi ranar haɗuwar dangi kafin su buga katin gayyata.