"Na Tuba, Na Bi Allah Na Bi Ka": Daga Ina Maganar Ta Samo Asali?

Yaro ya ga mahaifinsa ya ɗauko tsumagiya, sai ya zube ƙasa, ya kama kunnuwansa biyu, ya ce: "Na tuba, na bi Allah na bi ka." Bakin Bahaushe ya saba da maganar har ba a tsayawa a duba ta, alhali gado biyu ne aka ɗinke a cikinta. Tuba daga Larabci ta zo tare da Musulunci, ma'anarta komawa ga Allah. "Bi" kuwa tsohon harshen fada ne, na biyayya da caffa, irin wanda ya haifi karin maganar nan ta bin na gaba bin Allah ne. A da, mai neman afuwar sarki har ƙasa yake zuba wa kansa, al'adar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soka a Kitabul Farƙ. An bar zuba ƙasa, durƙuson da lafazin suka tsira.

Akwai malaman da ke ƙyamar maganar, suna cewa ta jera Allah da bawa a layi ɗaya, kuma Annabi (SAW) ya tsawata wa wanda ya haɗa nufinsa da nufin Allah a magana. Tsoronsu abin girmamawa ne, amma a ganina ba a nan maganar ta dosa ba. Allah ta fara ambata, sannan mutum, kuma abin da take tabbatarwa shi ne laifi ɗaya kan ɗora bashi biyu. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya kawo sharuɗɗan tuba a Riyadus Salihin: barin laifin, nadama, ƙudurin ba za a koma ba, sannan in haƙƙin wani ne, a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Wannan sharaɗi na huɗu shi "na bi ka" ke ɗauke da shi. Wanda ya ci amanar abokin cinikinsa ba zai shige masallaci ya ce ya gama ba.

Wasu kuma na cewa ai ɓarawon da aka kama a kasuwa ma haka yake faɗa. Gaskiya ne, kuma Hausawa sun riga sun raɗa wa irin wannan suna: tuban muzuru, kaza a baki. Da ba su ɗauki lafazin a matsayin alkawari ba, da ba su tanadi suna na musamman ga mai karya shi ba.