Besbol: Detroit Tigers ce kan gaba a rabin kakar 2025, amma ɓarakarta ta fara bayyana

Ƙungiyar Detroit Tigers ta tafi hutun tsakiyar kakar 2025 tana gaban kowa a babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB. Cikin wasanni 97 da ta buga, ta ci 59, aka doke ta a 38. Ko Los Angeles Dodgers mai riƙe da kofi a lokacin, duk da taurarinta irin su Shohei Ohtani, nasara 58 ta samu. Sai dai Tigers ta shiga hutun ne da shan kaye sau huɗu a jere, kuma yadda aka doke ta a waɗannan wasanni ya nuna inda za a iya karya ta idan aka kai watan Oktoba, lokacin da ake neman kofi.

Yadda gasar take

Ƙungiyoyi 30 ne a MLB, 15 a ɓangaren American League, 15 a National League, kuma kowane ɓangare ya kasu rukuni uku. Kowace ƙungiya tana buga wasanni 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Daga kowane ɓangare ƙungiyoyi shida ke wucewa wasannin sili-ɗaya-ƙwale: zakarun rukuni uku, da wasu uku da suka fi sauran yawan nasara. Zakaru biyu mafiya nasara ana ɗauke musu zagayen farko, su huta su jira abokan karawa.

A rukuninta na tsakiya a American League, Tigers ta yi wa sauran fintinƙau a lokacin hutun. Minnesota Twins da ke biye da ita a lokacin ta ci wasa 47, an doke ta a 49. A lokacin, wasanni 65 suka rage wa Detroit. Ko da 33 kawai ta ci a cikinsu, za ta gama da nasara 92, kuma kafin Twins ta kamo ta sai ta ci 45 cikin 66 da suka rage mata. A takarda dai, a lokacin tikitin Oktoba yana hannu.

Daga fid da rai zuwa sahun gaba

Wanda ya kalli ƙungiyar a irin wannan lokaci a 2024 ba zai yi tsammanin haka ba. A ƙarshen Yulin 2024 shugabanninta sun rabu da wasu gogaggun ƴan wasa, ciki har da Jack Flaherty da ya koma Dodgers, alamar sun fid da rai da kakar. Ranar 10 ga Agusta tana da nasara 55 da rashin nasara 63. Daga nan ta ci 31 cikin wasanni 44 na ƙarshe, ta shiga sili-ɗaya-ƙwale karon farko tun 2014, ta fitar da Houston Astros, kafin Cleveland Guardians ta tsayar da ita a wasa na biyar.

Magoya bayan Detroit sun daɗe suna jiran irin wannan. Sau huɗu ƙungiyar ta ɗauki kofin World Series: 1935, 1945, 1968 da 1984. Ta kai wasan ƙarshe a 2006 da 2012, ta sha kaye duka biyun. A 2019 kuwa wasa 114 aka doke ta a kaka guda.

Masu ɗauke da ƙungiyar

A besbol, mai jifa ne ke riƙe da akalar wasa. Shi ke wurga ƙwallo ga mai bugu, kuma idan mai bugun ya kuskure sau uku an fitar da shi. A wannan fanni, a kakar 2025 Detroit tana da Tarik Skubal, bahago ɗan shekara 28 a lokacin, wanda a 2024 ya karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a American League bayan nasara 18 da fitar da masu bugu 228. Kafin hutun 2025 ya riga ya ci wasa 10, ya fitar da sama da masu bugu 150. Ranar 25 ga Mayu shi kaɗai ya yi jifa tun daga farkon wasa har ƙarshe a karawa da Cleveland, ya fitar da mutum 13, bai bari an ci ko maki ɗaya ba. Shi aka ba wa jifan farko na American League a wasan taurari da aka yi a Atlanta ranar 15 ga Yuli.

Ƴan Tigers shida aka zaɓa a wannan wasa: Skubal, Riley Greene, Javier Báez, Gleyber Torres, Zach McKinstry da Casey Mize. Greene, mai shekara 24 a lokacin, kafin hutun sau 24 yana buga ƙwallo ta tsallake shingen fili, bugun da ke ba da maki nan take. Labarin Báez kuwa shi ya fi ɗaukar hankali. A ƙarshen 2021 ya sa hannu kan kwantiragin shekara shida na dala miliyan 140, kimanin miliyar 78 na kuɗin sefa, ya shafe shekara uku bai taɓuka abin kirki ba, har aka yi masa aiki a ƙugu a 2024. A 2025 mai horarwa A.J. Hinch ya sauya masa wurin tsayuwa a fili, ya farfaɗo. Shi ma Spencer Torkelson, wanda aka mayar ƙaramar gasa a 2024 saboda rashin ƙoƙari, ya dawo da ƙarfinsa.

Inda bangon ya tsage

Wasanni ukun ƙarshe kafin hutu Tigers ta buga su ne a gida, filin Comerica Park, da Seattle Mariners. An doke ta 12 da 3, sai 15 da 7, sai 8 da 4. Maki 35 ke nan a kwana uku, kuma da yawansu sun shiga ne bayan mai jifan farko ya fita an sa ƴan canji. A ƙarshen kakar 2024 waɗannan ƴan canji ne suka ceci ƙungiyar, lokacin da Hinch ke jujjuya su ɗaya bayan ɗaya don rufe gurbin masu jifan farko da ba shi da su. A 2025 ba su cika fitar da masu bugu ba, suna barin ƙwallo ta taɓa sanda, kuma a Oktoba, inda maki ɗaya ke raba gardama, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Bayan Skubal ma akwai giɓi. Matashi Jackson Jobe an yi masa aiki a gwiwar hannu a watan Yunin 2025, bai sake wasa a kakar ba. Alex Cobb da aka ɗauko kan dala miliyan 15 bai yi jifa ko ɗaya ba saboda ciwon ƙugu. Flaherty ya dawo Detroit a 2025, amma wasansa yau fari gobe baƙi. A zagayen da ake buga wasa biyar ko bakwai, Skubal ba zai wuce fara wasa biyu ko uku ba. Sauran dole wani ya ɗauka.

Tarihin baya-bayan nan ma yana jan kunne. A 2022 Dodgers ta ci wasa 111, San Diego Padres ta fitar da ita tun karawarta ta farko. A 2023 Atlanta Braves mai nasara 104 da Baltimore Orioles mai 101 duk haka ta same su, yayin da Texas Rangers mai nasara 90 ta ɗauke kofin. A lokacin, ko hutun zagayen farko bai tabbata ga Detroit ba, domin Astros tana da nasara 56, Toronto Blue Jays kuma 55, kuma gurbi biyu ne kawai.

Ranar 31 ga Yulin 2025

A wannan rana aka rufe kasuwar musayar ƴan wasa. A lokacin duk ido yana kan Scott Harris, shugaban sashen wasa na ƙungiyar tun 2022, wanda aka sani da taka-tsantsan wajen rabuwa da matasa. A lokacin Detroit tana da wasu daga cikin matasan da aka fi yabawa a ƙananan gasa, irin su Kevin McGonigle da Max Clark, kuma duk ƙungiyar da za ta ba ta gogaggen mai jifa, su za ta fara tambaya.

Abin da ya sa shawarar ta yi nauyi shi ne Skubal. A ƙarshen kakar 2026 yake samun ƴancin tafiya duk inda ya ga dama, kuma wakilinsa Scott Boras ya yi suna wajen kai ƴan wasansa ga wanda ya fi biya. Idan iyalan Ilitch, masu ƙungiyar, ba su iya riƙe shi ba, Oktoba biyu kawai suka rage wa Detroit da shi a lokacin: na 2025 da na 2026. Idan Harris ya riƙe matasansa, ya tanadi gaba, amma yana iya ɓarar da damar da a lokacin aka shekara 41 ana jira. Idan kuma ya sake su aka kasa cin kofi, an yi biyu babu.

Tigers ta koma fili ranar 18 ga Yulin 2025 a gidan Texas Rangers. Kwana 13 ke tsakanin wannan wasa da rufe kasuwa, kuma abin da Harris ya sayo ko ya ƙi sayowa a cikinsu shi ƙungiyar za ta shiga Oktoba da shi.