Abin da Ya Ɗaga Daulolin Dā, da Abin da Ya Rage a Hannunmu

Idan aka ambaci daulolin dā, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne dawaki da kakaki da wani jarumin sarki da ya ci gabas da yamma. Haka muka ji daga bakin makaɗan fada, kuma ba ƙarya suka yi ba, an yi yaƙe-yaƙen. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Doki ba ya zuwa kyauta, sulke da kwalkwali saye ake yi, dakaru kuma sai an ciyar da su. Ina sarkin ya samo dukiyar da ya tara rundunar tun farko? Amsar wannan tambaya ita ce ainihin labarin tashin dauloli, kuma ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Daula, a nan, tana nufin ƙasa mai faɗi wadda ta haɗa kabilu da harsuna daban-daban ƙarƙashin babban sarki ɗaya, ƙananan sarakuna na riƙe da garuruwansu amma suna kai masa gaisuwa da haraji. Irin waɗannan sun tashi ɗaya bayan ɗaya a yankin da ke tsakanin hamadar Sahara da dazuzzukan kudu, kuma wurin da suka tashi ba dace ba ne. A kudu akwai zinariya da goro, amma gishiri ya yi ƙaranci. A cikin hamada akwai gishiri jibge, babu abinci. A hayin hamada kuma, Misra da Maroko da ƙasashen Turai na neman zinariyar da za su buga kuɗi. Da raƙumi ya wadata a Sahara, tafiyar da a dā ta gagara ta koma ta kamar wata biyu. Duk wanda ya zauna a tsakiya, ya iya tsare hanyar, to arziki ya same shi har gida.

Soninke ne suka fara cin wannan gajiya sosai, da daularsu ta Wagadu wadda Larabawa suka kira Ghana. Tana yankin kudancin Muritaniya da yammacin Mali na yanzu, nesa da ƙasar Ghana ta yau, wadda ta ari sunan ne lokacin samun 'yancin kai a 1957. Wani malamin Andalus mai suna Al-Bakri ya rubuta labarinta a 1068. Ya ce sarki na karɓar dinari ɗaya a kan kowane kayan jaki na gishiri da ya shigo ƙasar, dinari biyu idan zai fita. Ya ce kuma duk curin zinariya da aka haƙo na sarki ne, garinta kaɗai aka bar wa jama'a su yi ciniki da shi, don kada ta yi yawa a kasuwa darajarta ta faɗi. Mu lura da kyau: shekaru kusan dubu da suka wuce ke nan, ga hukuma mai ƙayyadadden kuɗin fito, mai kuma dabarar kare darajar kuɗinta.

Mali ta gaji wannan tsari ta faɗaɗa shi, bayan Sunjata Keita ya ci Sumanguru Kante a yaƙin Kirina wajen 1235. Kowa ya san labarin hajjin Mansa Musa na 1324, yadda ya yi ta rabon zinariya a Alƙahira har farashinta ya karye. Labari ne mai daɗin ji, amma a ganina akwai shaidar da ta fi shi nauyi. Matafiyin nan Ibn Battuta ya shiga Mali a 1352, zamanin Mansa Sulaiman, kuma ba mutum ne mai saurin yabo ba, don ya kushe abubuwa da dama da ya gani, har da kyautar da sarki ya aika masa. Duk da haka ya shaida cewa matafiyi da mazaunin gida ba sa tsoron ɓarawo ko ɗan fashi a ƙasar. Ya ƙara da cewa idan baƙon ɗan kasuwa ya rasu, ba a taɓa dukiyarsa komai yawanta, sai a damƙa ta amana ga wani amintacce har magada su zo. Duk wanda ya taɓa yin fatauci ya san ma'anar wannan. Madugu ba ya jan ayari zuwa inda za a ƙwace masa kaya. Inda ya sami aminci nan zai koma baɗi, ya kuma ja wasu. Daga kuɗin fiton waɗannan ayari ne sarki ke sayen dawaki, dawakin su tsare hanya, hanyar ta ƙara kawo fatake.

Inda fatake suka yada zango, malamai na biye. Cinikin da ake yi tsakanin garuruwa masu nisan wata biyu yana bukatar rubutu, da lissafi, da alƙalin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Shi ya sa Timbuktu, wadda ta fara a matsayin mashekarin Buzaye kusa da Kogin Kwara, ta zama garin littattafai da masallatai irin su Jingarebar da Sankore. Songhai, daga babban birninta Gao, ta karɓe ragamar yankin a hannun Sonni Ali, wanda ya ci Timbuktu a 1468 ya kuma mallaki kogin da rundunar jiragen ruwa. Askiya Muhammadu, da ya hau mulki a 1493, shi ya tsara ƙasar larduna-larduna, ya naɗa alƙalai, ikonsa ya kai har Agadas.

Ta gabas kuma akwai Kanem da Borno, masu riƙe da hanyar da ta tashi daga Tafkin Chadi ta bi ta Bilma da Fezzan zuwa Tarabulus. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka mallaki masauki da makaranta a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Da kabilar Bulala ta matsa musu, sai gidan sarautar Saifawa ya ƙaura zuwa yammacin tafkin, Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu a ƙarni na 15. Wannan gida bai rasa sarauta ba sai a 1846, abin da ya sa yake cikin gidajen sarauta mafi daɗewa a duniya.

To, ina ƙasar Hausa a cikin wannan? Tana tsakiya, Mali da Songhai ta yamma, Borno ta gabas, Abzin ta arewa, Gwanja mai goro ta kudu maso yamma. Garuruwanmu ba su haɗu sun zama daula ɗaya ba a wancan zamani, kowane birni da sarkinsa, amma abin da ya ɗaga su shi ne dai abin da ya ɗaga maƙwabtansu. Kano ta fara ne a gindin Dutsen Dala, wurin da ke da tama ta ƙira da ƙasar noma. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa wajen farkon ƙarni na 12. Ganuwar nan ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, ta yadda idan an kawo hari mutanen ƙauye za su shigo da dabbobinsu, a yi noma a ciki, a jure wa abokan gaba har su gaji su tafi. Manomi da maƙeri da masaƙi sun sami inda za su yi sana'a hankali kwance. A zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, Wangarawa suka zo daga Mali da addini da kasuwanci. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa majalisar Tara ta Kano. A zamaninsa ne Shehu Al-Maghili ya zo daga ƙasar Aljeriya ta yanzu ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna, shi dai malamin da daga baya ya amsa tambayoyin Askiya a Gao. Katsina ta bi irin wannan turba, Hasumiyar Gobarau na tsaye tana shaida. Kanta na Kabi kuwa ya yi ƙarfin da ya ɓalle daga Songhai ya gina birnin Surame da dutse.

Wajibi ne mu faɗi ɗaya gefen, domin tarihin da aka tace ya zama kirari ba ya karantar da kowa. Cikin hajar da ake ƙetara hamada da ita akwai 'yan Adam. An kai hari ƙauyuka, an raba uwa da ɗa, an musanya bayi da dawaki. Bayi ne ke sassaƙa gishiri a Taghaza cikin hamada, wurin da ko itace ɗaya babu. Girman waɗannan dauloli gaskiya ne, hawayen da aka zubar a ƙarƙashinsu ma gaskiya ne, kuma yaranmu sun cancanci su san duka biyun.

Faɗuwar Songhai ma abin nazari ce. An saba cewa bindigogin Maroko ne suka rushe ta a yaƙin Tondibi a 1591, lokacin da 'yan dubban sojojin Maroko ƙarƙashin Judar Pasha suka tarwatsa rundunar da ta ninka su sau da yawa. Bindiga ta yi aikinta. Amma shekara uku kafin nan, a 1588, 'ya'yan gidan Askiya sun gwabza yaƙin basasa a kan gadon sarauta, ƙasa ta rabu, manyan mayaƙa sun hallaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan cin Timbuktu aka kama malamanta, aka tasa ƙeyar ɗaya daga cikinsu, Ahmad Baba, zuwa Marrakesh, hanyoyi suka lalace, ciniki mai yawa ya karkata gabas zuwa Katsina da Kano da Borno.

Me ya sa za mu damu da wannan a yau? Da farko, akwai yaranmu da yawa da suka tashi suna zaton tsarin mulki da haraji da kotu da karatu mai zurfi duk Turawa ne suka kawo su. Ba laifinsu ba ne, an daɗe ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantun Nijeriya ba kafin a maido da shi. Sannan tarihin yana nuna mana cewa garuruwanmu da baƙi suka girma. Sunayen unguwanni irin su Zangon Barebari da Sharifai da Madabo a Kano shaida ne cewa Bawangare da Babarbare da Balarabe duk sun sa hannu a ginin abin da muke alfahari da shi. Wanda ya san haka zai yi wuya a ruɗe shi da zancen ƙin baƙo. Haka nan, mu da muka ga yadda rashin tsaro ke kashe kasuwannin ƙauye ya hana manomi zuwa gona, ba ma bukatar dogon bayani kan dalilin da ya sa magabata suka ɗauki amincin hanya a matsayin aikin sarki na farko.

Abin baƙin ciki shi ne shaidun wannan tarihi suna ƙarewa a gabanmu, kuma galibi ba da mugun nufi ba. Mai ɗibar ƙasa a jikin ganuwa tubali yake so ya yi, bai san shekarun abin da yake rushewa ba. Wanda ya tura katangar shagonsa cikin badala fili ya gani. Magajin da ya bar gafakar kakansa a ɗakin da ke yoyo, gara na ci, bai san cewa wataƙila babu kwafin wannan littafi a ko'ina ba. A Timbuktu, a farkon 2013, masu ɗauke da makamai sun ƙona dubban rubuce-rubucen hannu, duniya ta yi ta kuka. Amma mafi yawan littattafan garin sun tsira, saboda iyalai da ma'aikatan ɗakunan karatu sun riga sun ɓoye su a akwatuna sun fitar da su ta mota da kwalekwale zuwa Bamako. Mutanen gari ne suka yi wannan aiki, domin sun san darajar abin da ke hannunsu. Namu kuwa ba wuta ke cin su ba, ruwan sama ne da gara da rashin sani.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Wanda ke da tsofaffin takardu a gida, na Larabci ko na ajami, ko da wasiƙa ce ko takardar gado, ya ɗaga su daga ƙasa, ya ajiye a wuri busasshe, kada ya liƙe su da gam ko salatif, kada kuma ya rarraba ganyayen littafi ɗaya tsakanin magada. Akwai wuraren da ake iya neman shawara, a ɗauki hoton takardun a bar wa mai su kayansa, irin su Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen hannu na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Manomi ko magini da ya tono tsohuwar tukunya ko mutum-mutumi ko kufan maƙera, ya bar shi inda yake, ya sanar da mai unguwa a kai labari ga hukumar kula da kayan tarihi. Abin da aka ciro daga mazauninsa aka sayar a ɓoye ya rasa rabin bayanin da zai bayar, ban da cewa doka ta hana cinikinsa. Masu unguwanni da limamai na iya yi wa jama'a bayanin ganuwa kafin a kai ga rushe ta, don hani bayan fahimta ya fi kama zuciya.

Malaman makaranta da iyaye kuma, mu kai yara su gani da idonsu. Gidan Makama na nan a Kano, marinar Ƙofar Mata na aiki, Gobarau na Katsina, hasumiyar masallacin Agadas da aka fara ginawa a 1515 na tsaye. Idan akwai dattijo a gidanku da ya san daga ina kakanninku suka taso, da wace sana'a suka zo, ta wace ƙofa suka shigo gari, ku zauna da shi a wannan makon, ku ɗauki muryarsa a waya, ku rubuta abin da ya faɗa tun yana raye.